Inna Tasalla da Jemagun Ɗorawa

An ruwaito a cikin wani tsohon kundi, wanda gara ta ci gefensa amma ta ji kunyar tsakiyarsa, cewa a zamanin da can an yi wani gari da ake kira Birnin Kirya. Allah ne masanin abin da ya shuɗe. Mu dai abin da muka tarar shi za mu faɗa, ba ƙari sai ɗan gishirin da ba a raba miya da shi.

An ce a wancan zamani, in manomi ya fita ƙofar Kirya da sassafe, kafin ya isa gona kunnensa ya cika da hayaniyar halittu. Gauraka na rausaya a fadama, burtu na tafiyar ƙasaita cikin ciyawa, mujiya na gyangyaɗi a kogon kuka bayan ta gama da ɓerayen rumbu. Jemagu kuwa suna reto a kan ceɗiya da durumi kamar an shanya baƙaƙen tsummoki. Akwai kuma wani ɗan tsuntsu mai koren ƙirji da suke kira ɗan-albishir. Duk tsawon rani ba ya cewa uffan, sai in ya rage kwana uku ruwan shuka ya sauka, sannan ya buɗe baki. Da kukansa mutanen Kirya ke fito da iri.

Amma abin da garin ya yi suna da shi daddawa ce, domin ɗorawar da ke gonakinsu ta fi dubu. A cikin masu daddawa kuwa babu kamar Inna Tasalla. Gidanta na can bayan gari, tafiyar hantsi guda, a wani kwari mai duwatsu da ceɗiya da gamji da ɗorawa suka rufe. Tsohuwa ce gajera mai faɗin kafaɗa, ruwan kalwa ya rina mata hannuwa, bakinta kuwa ya fi daddawarta ƙarfi. Tun kakannin kakanni gidansu ne ke kai daddawar fada.

Matan gidan nan sun gaji wata al'ada da duk gari ke yi musu dariya a kanta. Ba sa jifan jemage, ba sa cin namansa, ba sa sare itacen da yake kwana a kai. In yarinya ta isa koyon surfen kalwa, kafin a miƙa mata taɓarya sai an kai ta gindin ceɗiya da magariba, ta ɗaga kai ta ce wa jemagu, "Sannunku da aiki." In an tsokani Inna Tasalla da wannan a kasuwa, sai ta ce, "Na gai da waɗanda suka fi su zaman banza, balle su."

Sarkin Kirya a lokacin shi ne Sarki Tunau. Ba mugu ba ne, sai dai Allah ya yi shi da son tsabta da saurin fushi, ga shi kuma ba ya iya cin tuwo in miyar ba ta ji daddawa ba. An ce wata rana manzanni suka zo masa daga wata ƙasa, ya fito ya zauna a gindin durumin ƙofar fada da sabon farin rawani. Ana cikin gaisuwa wani jemage da bai san sarauta ba ya sako abin da ya sako, ya sauka a tsakiyar rawanin. Babban manzon ya kai hannun riga baki, wai shi tari yake yi. Sarki ya gani, ya haɗiye, amma abin bai wuce maƙogwaro ba.

To, akwai wani attajiri a fadar, Madugu Arzika, mai fataucin auduga zuwa ƙetaren Sahara. Ya daɗe yana kallon kurmin Kirya da fadamarta yana auna gonakin da za su fito a ciki. Da ya ga bango ya tsage, sai ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, a ba ni izini in faɗi wani abu da na gani a tafiyata."

Sarki ya ce, "An ba ka."

Madugu ya ce, "Zaki, na taɓa sauka a wata ƙasa can gabas, wadda sarkinta ya fi sarakunan zamaninsa hikima. Wata rana ya sa aka kawo masa ɗaya ɗaya daga kowace halitta ta ƙasarsa, itace da tsuntsu da dabba, aka jera a kasuwa. Ya ce dillali ya ɗaga kowace ya nemi mai tayi. Aka ɗaga doki, aka taya. Aka ɗaga auduga, aka yi rububi. Aka ɗaga mujiya, kasuwa ta yi tsit. Aka ɗaga kwaɗo, aka fashe da dariya. Sarkin nan ya ce duk abin da bai sami mai tayi ba, ba shi da wurin zama a ƙasarsa. Cikin shekara uku ƙasar ta zama fes kamar faifai, auduga fari fat iyakar ganin ido, raƙumansa kuwa sai da aka daina ba su suna."

Waziri Cindo, dattijo mai taka-tsantsan, ya gyara zama ya ce, "Ƙarshen sarkin fa, Madugu?"

Madugu ya ce, "Ayarinmu ya taso kafin ƙarshen, ranka ya daɗe." Ya juya wajen Sarki ya ƙara da cewa, "Kuma ko don ɗorawa ma ya kamata a yi maganin jemage. Kowa na ganinsa da magariba yana dandazo a kan furenta yana lashewa. In ɓarawo na ci ana samun kalwa haka, ina ga an kore shi?"

Wannan magana ta shiga Sarki, domin ta haɗa masa rawaninsa da miyarsa. Waziri ya buɗe baki, ya dubi fuskar ubangidansa, ya mayar ya rufe. Kashegari sankira ya zaga gari da shela: duk abin da ba a ci, ba a sawa, ba a sayarwa, a kawar da shi daga ƙasar Kirya. Ɗorawa kaɗai aka ce kada a taɓa.

Aka shiga sara. Durumin ƙofar fada ne ya fara faɗuwa. Aka bi ceɗiya da gamji da marke, aka turnuƙe kogunan itatuwa da hayaƙi, jemagu na zubowa ana tattakewa. Aka bi mujiya da jifa, aka haƙa magudana aka tsiyaye fadama, aka cinna wa ciyawar burtu wuta. Ba a yi wata shida ba sai ga masu gatari a bakin kwarin Inna Tasalla.

Shugabansu wani ƙato ne, Nomau, wanda uwarsa ta rasu yana jariri, Inna Tasalla ta goye shi har ya yi ƙafa. Ya tarar da ita zaune a gindin babbar ceɗiya, ta jingina bayanta da itacen, tana tsince kalwa a faifai.

Ya durƙusa ya ce, "Inna, ki gafarce ni, umarnin Sarki ne. Ki ɗan matsa."

Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Nomau, bayan nan da ke jingine da itacen nan shi ya goye ka shekara biyu, kana yi masa fitsari. In sara za ka yi, fara ta nan, ka ga ka huta da sara biyu."

Ya ce, "Inna, kaina za a cire."

Ta ce, "Wa zai hawo duwatsun nan ya duba? Madugu da tumbinsa? Auduga ba ta fitowa a kan dutse. Tashi ka tafi, ka ce ka gama."

Nomau ya tashi ya ɗauki gatarinsa. Daga nan ya saɓa shi a kafaɗa, ya ce wa mutanensa su koma, kwarin ba shi da abin sara. Haka aka yi kurmi guda ya tsira a duk ƙasar, duk abin da ya kuɓuta daga wuta da hayaƙi kuwa can ya gudu ya fake.

An ce shekara uku na farko Kirya ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Auduga ta yi kyau, ayari na fita ayari na shiga, maroƙa suka sa Madugu Arzika a baki har suna mance sunan iyayensu. A shekara ta huɗu ɓera ya fara cin rumbu da rana tsaka, don babu mai hana shi. A ta biyar fara ta sauka ta tarar babu bakin da zai tsince ta, tsutsa kuma ta shiga audugar kanta. Manoma suka yi ta kuskuren shuka, wani ya riga ruwa, wani ruwa ya riga shi, domin ba a ƙara jin ɗan-albishir ba. Duk wannan Sarki ya jure, yana cewa jarrabawa ce.

Abin da ya kasa jurewa shi ne miya. Ɗorawa na fure kamar da, jajayen tuntaye na lilo a kowane reshe, amma sai furen ya bushe ya zube, a nemi 'ya'ya a sami 'yan tsiraru ko a rasa. Kalwa ta yi wuya, masu daddawa suka kife tukwane. A shekara ta bakwai, abin da ke zuwa daga kwarin Inna Tasalla kaɗai ya rage, shi ma bai isa ko fada ba. Ranar da aka kawo wa Sarki miyar kuka salam, ba ƙanshi ba ɗanɗano, ya ture akushi, ya sa aka tara jama'a.

Ya ce, "Ga tambaya, wanda ya amsa ya faɗi abin da yake so a ba shi. Muna da ɗorawa dubu. Ba mu sare ko ɗaya ba. Mun kashe mata ɓarayinta, mun share mata kewaye, tana fure kamar amarya, amma ta ƙi haihuwa. Wane ne ya cuce mu?"

Masu duba suka buga ƙasa, suka ce a yi sadakar baƙin sa. Aka yi, sa ya tafi a banza. Wasu suka ce maƙiya ne suka yi binne a ƙofar gabas, aka tona aka sami tsohon takalmi. Madugu Arzika ya ga ido ya fara juyowa kansa, sai ya aiki wanda ya leƙo masa kwarin, sannan ya zo da kansa ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Zaki, an gano. Ɗorawar ƙasa duk ta mutu da ranta, sai ta tsohuwar nan Tasalla ke haihuwa. Ta saɓa umarninka, kurminta na nan tsaye, jemagu cike. Da su take aike suna ɗebo mata albarkar itatuwan mutane. A sare kurmin, a cire kanta, a ga in ɗorawa ba ta sake ba."

Dogarai suka je suka taho da ita. Inna Tasalla ta shigo fada da zanen aikinta, warin daddawa na gaba tana biye. Ta durƙusa iyakar yadda gwiwarta ta yarda, gwiwar kuwa ba ta yarda da yawa ba.

Sarki ya ce, "Ke baiwar Allah, gaskiya ne kin bar kurmi bayan mun ce a sare?"

Ta ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ni na hana, kada a nemi kowa da laifin. Da yau za a sake yin shelar, da na sake hanawa."

Dogarai suka daka tsawa, "Hattara, tsohuwa!"

Ta waiwaya ta dube su ta ce, "Ni da aka kawo a yanka, wace hattara ta rage mini? Ku bar ni in amsa tambayar Sarki, tunda an ce kowa na iya amsawa. Ko an ware masu daddawa?"

Sarki ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Ya ce, "Amsa."

Ta ce, "Sai na fara da labarin da ake ba kowace 'ya a gidanmu. An yi wani mutum a kwarinmu ana ce masa Gagarau, marowaci ne na ƙin ƙarawa, irin wanda ke baƙin ciki in ƙuda ya sauka a kan tuwonsa. Yana da ɗorawa guda. Wata magariba ya ga jemagu sun yi mata caa, suna cusa kai cikin fure. Ransa ya ɓaci. Ya kwashe tsummokin gidansa kaf, ya hau ya ɗaure kowane fure da hannunsa ya kai, don kada jemage ya lasa. Rassan can ƙoli ne kaɗai ya bari, don yana tsoron faɗowa. Da lokacin ɗiba ya yi, duk reshen da ya ɗaure ko ɗa ɗaya babu. Na ƙolin da ya bar wa ɓarayi kuwa har suna neman karyewa don nauyi. Matarsa, wadda ita ce kakar kakata, ta riƙe abin a zuci. Wata rana jemage ya faɗo mata a tsakar gida, ta ɗaga ta ga fuskarsa da ƙirjinsa sun yi rawaya da garin fure. Nan ta gane. Ruwan zaƙin da yake sha ladansa ne, aikinsa kuwa shi ne ɗaukar garin wannan itace ya kai wa wancan. In ya tashi da asuba, ƙudan zuma ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Tun ranar muke gai da shi."

Madugu ya yi dariya ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara, tatsuniya ce ake yi mana da rana."

Ta juyo ta ce, "Madugu, kai da ka ƙetare Sahara ba sau ɗaya ba, na haɗa ka da Allah, ba ka taɓa ganin masu dabino na hawa suna kai garin namiji kan mace ba?"

Ya ce, "Na gani."

"In ba su kai ba fa?"

"Ba ta haihuwa."

Ta ce, "To, ɗorawa dubu wa zai hau mata? Allah ya ba ta ma'aikata ba ko sisi, kuka turnuƙe su da hayaƙi." Sannan ta fuskanci Sarki ta ce, "Ka tambaya wa ya cuce ka. Ba maƙiyi ba ne, ba maye ba ne. Wanda ya cuce ka yana zaune a kan shimfiɗar da kake zaune. Garin neman gira ka rasa ido, ranka ya daɗe."

Idon Sarki ya kaɗa ya yi ja. Hauni, mai yanke hukuncin kisa, ya matso da hannunsa a kan takobi. A nan ne Waziri Cindo, wanda ya yi shekara bakwai yana haɗiye magana, ya faɗi ya ce, "Zaki, kai ba ya komawa in an cire, itace ma haka. Yanzu ɗorawa ke fure. A je kwarin a zaɓi itace guda mai rassa biyu, a ɗaure furen ɗaya, a bar ɗaya. Daga fure zuwa ɗiba kwana sittin ne. Gani ya kori ji."

Inna Tasalla ta ce, "Na yarda. Amma Madugu ne zai ɗaure da hannunsa, da ƙyallen audugarsa, kada gobe a ce tsummana ne ke da asiri. In reshen da aka ɗaure ya haihu, ko wanda aka bari ya ƙi, ga wuyana, ga kurmin."

Haka aka yi. Aka tura Madugu kan ɗorawa yana nishi, ya ɗaure fure arba'in a reshen gabas, aka bar na yamma, aka sa dogarai gadi. Ita kuwa aka ajiye ta a gidan Waziri.

Kada a zaci tsohuwar nan ba ta ji tsoro ba. Ta ji, ƙwarai kuwa. Ba mutuwa ce ta fi damunta ba, ta san ta ci rabonta na duniya. Abin da ke hana ta cin abinci shi ne ta san jemagun sun ragu, bara ma ba kowane reshe suka zagaya ba. In suka tsallake reshen yamma, gaskiyarta za ta zama ƙarya, a sare ceɗiya ta ƙarshe, kuma babu sauran inda wani abu mai fiffike zai gudu. Amma in Waziri ya shigo gaishe ta, sai ta ɗaure fuska ta hau shi da faɗa.

Wata rana ya ce, "Inna, ni tun farko raina bai kwanta da shelar nan ba."

Ta ce, "Ai na sani. Shi ya sa laifinka ya fi na Madugu. Shi kwaɗayi ya rufe masa ido, kai idonka biyu ka yi shiru. Shirunka ya sare itace fiye da gatarin Nomau."

Waziri ya sunkuyar da kai, ya ce ya ji, ya kuma karɓa.

Ranar kwana na sittin Sarki da kansa ya fita, gari ya bi shi. Suka ratsa gonakin da babu inuwa ko ta zama, rana na dukansu, babu kukan komai sai na iska. Da suka gangara kwarin sai sanyi ya buge su, ga kukan tsuntsaye ta ko'ina. Yaran da aka haifa bayan shela suka riƙe zannuwan iyayensu don ba su taɓa jin irinsa ba, tsofaffi kuwa wasu har da hawaye.

Inna Tasalla ba ta dubi kowa ba, reshen yamma ta nema da ido. Ga shi nan ya sunkuyo, 'ya'ya tuli tuli suna reto, dogaye, sun yi ja sun nuna. Ta dafa dutse ta ce, "Alhamdu lillahi." Aka sa Madugu ya hau ya kwance ƙyallensa ɗaya bayan ɗaya. Ya kwance arba'in, busasshen fure kaɗai ke zubo masa a fuska.

Sarki ya juya wajen dogarai. Ya ce, "A kama Arzika. Kan da aka so cirewa yau, nasa ne."

Inna Tasalla ta ce, "A'a, ranka ya daɗe. Shi shawara ya bayar, wa ya ba da umarni? In kai za a cire a kan wannan, ka san daga inda za a fara. Kuma an gaji da kisa a ƙasar nan. Yana da raƙuma, a sa su jigilar ruwa suna ba dashe har ƙarshen ransa."

Dogarai suka dubi Sarki, suna jiran tsawa. Sarki ya yi ajiyar zuciya ya ce, "An yi yadda kika ce. Kin amsa tambaya, Inna. Faɗi abin da kike so."

Ta ce, "Riga ba ta yi mini, doki kuwa ba ya surfa kalwa. Abu biyu nake so. A toshe magudanan fadama, a soke shelar nan, kowane mai gona ya dasa ceɗiya ko durumi ko gamji a gefen ɗorawarsa. Na biyun kuma naka ne. Ka yanki reshen ceɗiyar nan, ka dasa a ƙofar fada da hannunka, inda durumi yake a da. In ta girma ka zauna a gindinta. In jemage ya ɓata maka rawani, ka ba da a wanke."

Wani bafade ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da ita tari. Sarki ya ce, "Mun ɗauka." Sannan ya rage murya, kamar ba Sarki ba, ya ce, "Inna, in an yi haka komai zai dawo? Akwai ɗan tsuntsun nan mai koren ƙirji. Ina yaro a ɗakin mahaifiyata nake jinsa, in ya yi kuka ta ce in tashi damina ta zo. Tun da na shigo kwarin nan nake kasa kunne, ban ji shi ba."

Da ta buɗe baki, babu sauran faɗa a muryarta. Ta ce, "Jemage zai dawo, yana da saura. Mujiya ma haka, in an bar mata kogo. Ɗan-albishir kuwa a marke kaɗai yake sheƙa, marke kuma a fili yake, ba ya cikin kwarina. Guda ɗaya ne ya gudo nan. Shekara biyu yana kira a bakin damina, yana tsayawa yana saurare, babu mai amsa masa. A ta uku ban ji shi ba."

An ce Sarki Tunau ya ja rawani ya rufe fuskarsa, ba wanda ya ga abin da ke ƙarƙashi. Bai koma gida ba sai da rana ta faɗi. Da jemagu suka fara saukowa daga ceɗiya suna nufar ɗorawa, ya tako ya tsaya kusa da tsohuwar, a inda ake tsai da 'yan matan gidanta, ya ɗaga kai gaban jama'arsa duka ya ce, "Sannunku da aiki."

Mai kundin ya ce ɗorawar Kirya ta koma haihuwa bayan shekara goma sha biyu, Inna Tasalla ba ta ga wannan ba, jikokinta ne suka ɗebi kalwar. Sarki ya tsufa a gindin ceɗiyarsa, an kuma wanke masa rawani ba sau ɗaya ba, bai taɓa cewa komai ba. Darasin da mai kundin ya rubuta a ƙarshen shafi shi ne, abin da ba ka san aikinsa ba, ba shi ne marar aiki ba, kuma hannun da bai iya halitta ba ya yi hankali da kashewa.

A ƙarƙashin wannan kuma akwai layi guda da wani alƙalami dabam. Ya ce har zamanin wanda ya ƙara layin, in damina ta matso, tsofaffin Kirya kan fito ƙofar gari da iri a ƙwarya su kasa kunne, sannan su koma su yi shuka da ƙiyasi. Nan kundin ya tsaya, mu ma nan muka tsaya. Allah ya sa mu ji tun ana kira.